Supreme, Schott da Vanson: Wa ke cin ribar kolabon jaket ɗin fata?

Duk mai kallon bidiyon waƙoƙi a 'yan shekarun nan ya san jaket ɗin fata na 'yan babur ya dawo da ƙarfinsa. Mawaƙan rap na Amurka suna sa shi, 'yan Afrobeats suna sa shi, jaruman Indiya kuwa dama ba su taɓa ajiye shi ba. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, da yawa daga cikin masu tsadar nan suna ɗauke da suna biyu ne a wuyansu. Ɗaya na kamfanin kayan gayun matasa, irin su Supreme, ɗayan kuma na wani tsohon gidan ɗinkin fata, irin su Schott, Vanson ko Lewis Leathers.

Mu masu bin waƙa mun san kolabo. Sabon mawaƙi mai tashe ya gayyato tsohon hannu su yi waƙa tare, wannan ya samu girma, wancan ya samu sabbin masoya. To haka abin yake a nan, sai dai kuɗin da ke ciki ya fi yawa, kuma abin da kowane ɓangare ya sa a faifai ba iri ɗaya ba ne. Yau za mu duba wa ke samun me, wa kuma ke iya yin asara.

Asalin jaket ɗin: kayan aiki ne kafin ya zama gayu

A 1913 wasu 'yan'uwa biyu, Irving da Jack Schott, 'ya'yan wani ɗan ci-rani daga Rasha, suka fara ɗinka rigunan ruwa a birnin New York. A 1928 Irving ya fito da jaket ɗin fata na mahaya babur, ya raɗa masa suna Perfecto, sunan wata taba sigari da yake so. Dala 5.50 aka riƙa sayar da shi a wurin wani dillalin baburan Harley-Davidson a Long Island.

Ku dubi jaket ɗin da kyau, za ku ga babu abin da aka sa don ado. Zif ɗin da ya karkace gefe, an yi shi ne don fatar ta ninku biyu a ƙirji, iska ba ta ratsa mahayi idan ya sunkuya a kan babur. Gajartarsa don kada ya tattare idan mutum ya zauna. Bel ɗin ƙugu yana hana iska shiga ta ƙasa. Zif ɗin hannu yana matse wuyan hannu. Maɓallan kwala kuma suna hana ta dukan fuskar mutum in ana gudu. Kaurin fatar, ta doki ko ta sa, shi ne babban dalili: in an faɗi, gara kwalta ta ci fatar sa da ta ci fatar mutum.

A Ingila ma akwai irin wannan gida, Lewis Leathers, wanda asalinsa ya koma 1892 a titin Great Portland na Landan. Sun yi wa matuƙa jirgin sama da masu tseren mota kaya, daga baya suka zama gidan matasan 'yan babur masu taruwa a wurare irin su Ace Cafe a shekarun 1950 da 1960. Vanson shi ne ƙaraminsu, an kafa shi a 1974 a Boston, yanzu masana'antarsa na Fall River a jihar Massachusetts, kuma ya yi suna ne wajen kayan masu tseren babur na gaske.

Fim da waƙa ne suka yi masa talla kyauta

A nan labarin ya shigo gonarmu. A 1953 fim ɗin The Wild One ya fito, Marlon Brando yana shugaban gungun 'yan babur, da baƙin jaket da hula a karkace, a kan babur ƙirar Triumph. Hukumar tace finafinai ta Ingila ta hana fim ɗin takardar izini har zuwa 1967. A Amurka wasu makarantu suka hana ɗalibai zuwa da irin jaket ɗin. Kun san halin matasa, abin da aka hana shi ake nema. Daga lokacin jaket ɗin ya zama tambarin ɗan tawaye, wanda ba ya jin magana.

Mawaƙa suka karɓa. Ƙungiyar Ramones ta New York ta fito a bangon kundinta na farko a 1976, su huɗu kowa da jaket ɗin fata da yagaggen wandon jins. A Landan 'yan ƙungiyoyin The Clash da Sex Pistols suka riƙa sa na Lewis Leathers. Fim kuma bai tsaya ba: Mad Max a 1979, Terminator 2 a 1991 inda Arnold ya shiga mashaya tsirara ya fito da jaket da babur, sai Ghost Rider na Nicolas Cage a 2007. A ɓangaren rap, bidiyon DMX na Ruff Ryders' Anthem a 1998 ya cika titi da babura, kuma a wannan zamanin jaket masu launi da manyan haruffa irin na 'yan tsere suka zama kayan mawaƙan New York. Masoya finafinan Indiya kuwa ba sai an tuna musu da Dhoom na 2004 ba, da yadda John Abraham ya sa samari da yawa suka fara mafarkin babban babur.

Ma'ana dai, shekara saba'in masu fim da mawaƙa suna zuba wa wannan jaket ɗin ma'ana. Tarihi ne da ba a saya a kasuwa, ba a kuma ƙirƙira shi a dare ɗaya. Shi ne dukiyar tsofaffin gidajen nan, ya ma fi injinansu daraja.

Me Supreme da ire-irensa ke nema?

James Jebbia ya buɗe Supreme a 1994 a titin Lafayette na New York, ƙaramin shago na samari masu wasan allo mai taya. Dabararsu sananniya ce: a yi kaya kaɗan, a sake su ranar Alhamis, a bar mutane su yi layi, su ƙare nan take. Ƙarancin ne ke jawo ɗoki, ɗokin kuma ke jawo farashi.

Amma kamfanin da ya taso da rigar auduga mai tambari da hular hana-sallah yana da matsala ɗaya. Kowa na iya buga tambari a riga. In kana so ka sayar wa saurayi kaya na dala dubu, sai ka ba shi dalilin da ya wuce tambari. Supreme ba shi da majema, ba shi da maɗinkan da suka shekara talatin suna yanka fatar doki. Ko da ya ɗauki ma'aikata ya buɗe masana'anta, ba zai iya cewa shi ya yi wa Ramones jaket ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ya je wurin mai tarihin su raba suna.

Haka aka yi. Supreme ya yi aiki da Schott sau da yawa cikin shekaru. Da Vanson kuma ya fitar da jaket mai hoton ƙasusuwan ƙirji da hannuwa a 2017, sannan a 2019 ya fito da mai ɗauke da hoton Ghost Rider, wato suna uku a kaya ɗaya: kamfanin gayu, gidan fata, da jarumin littafin zane da fim. Japanawa ma sun daɗe a wannan harka. Comme des Garçons na Rei Kawakubo ya yi aiki da Lewis Leathers, shi kuma Junya Watanabe ya yi da Vanson da Schott.

Akwai abin da ya kamata a yaba a nan, kuma sai an waiwayi baya ake ganinsa. A 1960 Yves Saint Laurent, yana matashi a gidan Dior, ya ɗauki siffar jaket ɗin 'yan babur ya yi shi da fatar kada da gashin dabba mai tsada. Manyan gidan ba su ji daɗi ba, kuma wannan ne kayan ƙarshe da ya yi musu. Tun daga lokacin manyan gidajen ado suke kwaikwayon siffar Perfecto, babu sunan Schott a jiki, babu ko sisi da ya shiga aljihunsu. Kolabo ya canza wannan. Yanzu ana zuwa ƙofar mai abin, a yi sallama, a ɗinka a wurinsa, a sa sunansa. Wannan ci gaba ne, ba a musu.

Me tsofaffin gidajen ke samu?

Abu na farko, aiki. Ɗinka jaket ɗin fata a Amurka ko Ingila yana da tsada ƙwarai, ga gasa daga masana'antun Asiya da ke yin mai kama da shi a farashi kaɗan. Oda mai yawa da aka san za ta ƙare cikin mintuna tana nufin albashin ma'aikata ya tabbata. Schott har yanzu yana hannun zuri'ar waɗanda suka kafa shi, suna ɗinki a jihar New Jersey. Vanson ma yana nan a Fall River, garin da yawancin masaƙunsa suka mutu tuntuni. Kasuwar Japan, inda ake mutunta tsohon aikin hannu na Amurka da Ingila, ta taimaka sosai wajen riƙe irin waɗannan gidaje.

Abu na biyu, sabon jini. Mai sayen Vanson na asali mahayin babur ne, kuma jaket mai kyau yana iya kai shekara ashirin ko fiye a jikinsa. Kun ga matsalar? Kayanka ya yi ƙarko har mai saye ba ya dawowa. Saurayi ɗan shekara ashirin da bai taɓa jin sunan Vanson ba, ta hanyar Supreme ko ta bidiyon mawaƙin da yake so zai fara jin sa. Wata rana in ya samu kuɗi, zai iya zuwa gidan kai tsaye.

Inda gizo ke saƙar

To amma fa ba duka ne alheri ba. Akwai abubuwa uku da suke damun masu lura da harkar.

Na farko, yayi ba shi da amana. A 2017 kamfanin zuba jari na Carlyle ya sayi rabin Supreme a kan dala miliyan 500, shekarar da Supreme ya yi kolabo da Louis Vuitton. A 2020 kamfanin VF, mai Vans da Timberland da The North Face, ya saye shi gaba ɗaya a kan dala biliyan 2.1. A 2024 ya sayar da shi ga EssilorLuxottica, masu tabarau na Ray-Ban, a kan dala biliyan 1.5. Cikin shekara huɗu dala miliyan 600 ta zube. Supreme bai mutu ba, amma wannan ya nuna cewa ɗokin matasa yana hawa yana sauka. Babban kamfani zai iya jure faɗuwar. Ƙaramin gidan fata da ya ƙara ma'aikata saboda odar kolabo, in odar ta tsaya, shi zai ji a jikinsa.

Na biyu, suna yana iya rabuwa da aiki. Kolabo na gaskiya shi ne wanda aka ɗinka a masana'antar mai sunan, da fatarsa da maɗinkansa. Akwai kuma wani salo, inda ake ba da hayar suna kawai, wani ya yi kayan a wata ƙasa ya manna tambarin. Kuɗi ne mai sauƙi, amma kowane kaya mara inganci da ya fita da sunanka yana rage maka daraja. Labarin Belstaff darasi ne. An kafa shi a 1924 a Longton na Ingila, 'yan babur suka san shi da jaket mai jure ruwa da laka. Masana'antar Longton ta rufe, sunan ya koma hannun wasu 'yan Italiya waɗanda suka cusa shi a finafinan Hollywood, Tom Cruise ya sa a War of the Worlds na 2005, Will Smith ya sa a I Am Legend na 2007. Daga nan aka ci gaba da sayar da kamfanin hannu zuwa hannu, har a 2017 ya faɗa hannun INEOS na Jim Ratcliffe, wanda masoya ƙwallo suka sani da Manchester United. Sunan ya rayu, ya ma yi tsada, amma garin da ya haife shi da ma'aikatansa an bar su a baya.

Na uku, kayan kariya yana komawa kayan hoto. A Turai akwai ma'aunin kayan mahaya babur mai suna EN 17092, wanda ke raba su aji-aji, AAA, AA da A, bisa yadda suke jure gogar kwalta da yadda ɗinkinsu ke riƙewa. Yawancin masu sayen jaket ɗin kolabo ba su taɓa tambayar wannan ba, don ba babur za su hau ba. Wasu ma ko sawa ba sa yi, suna ajiye shi a leda ne su sayar a shafuka irin su StockX idan farashi ya tashi. Ba laifi ba ne mutum ya sa don gayu, Ramones ma ai ba 'yan tsere ba ne. Amma in masu gayu suka zama su ne kasuwar, gidan zai fara jin matsin ya rage kaurin fatar, ya sa ta yi laushi, don ta fi daɗin sawa a ɗakin ɗaukar bidiyo. Ranar da jaket ɗin Vanson ya kasa kare mahayi, ranar ce dalilin da ya sa Supreme ya zo ƙofarsu ya ƙare.

Wannan shi ne ainihin cinikin. Kamfanin gayu yana aron tarihi, in yayi ya wuce ya matsa gaba wurin wani. Gidan fata kuwa sunansa guda ɗaya ne, in ya lalace babu na biyu.

Indiya ta gwada tata hanyar

Masoya Shah Rukh Khan za su tuna cewa a 2023 ɗansa Aryan ya ƙaddamar da kayan gayu mai suna D'YAVOL X, uban da kansa ya yi tallar, kuma abin da ya fi jawo surutu shi ne jaket ɗin fata da aka sa wa farashin kusan rupi dubu 200, aka yi shi kaɗan, ya kuma ƙare da wuri. A nan babu tsohon gidan 'yan babur a ciki. Sunan jarumi ne ya tsaya a matsayin tarihin. Dabarar Supreme ce dai, ƙaranci da ɗoki, amma ta nuna bambancin: darajar wannan tana tare da tauraron jarumin, ita kuwa ta Perfecto ta riga ta wuce Brando, ta wuce Ramones, tana nan.

Mu kuma ina muke a labarin fata?

Ba za mu rufe ba sai mun taɓo gida, don maganar suna da fata ta shafe mu kai tsaye. Ɗaruruwan shekaru fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda majemanmu suka jeme, tana ƙetare Sahara da ayari zuwa arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai. Da ta isa, sai Turawa suka kira ta fatar Maroko, don ta tashoshin can ta biyo. Aiki namu, suna na wani. Har yau fatun da ake jemewa a Kano, a unguwannin masana'antu irin su Sharaɗa da Challawa, ana fitar da su zuwa Italiya da Sifen, su zama takalma da jakunkuna masu tambarin Turai. Fatar sa kuwa, wadda ita ake jaket ɗin babur da ita, da yawa daga cikinta a tukunya take ƙarewa a matsayin ganda.

Abin da ya raba Schott da baduku na Kano ba gwaninta kaɗai ba ne. Schott ya ɗinka sunansa a wuyan jaket ɗinsa, ya riƙe siffa ɗaya shekara kusan ɗari, har duniya ta haddace ta. Shi ya sa da Supreme ya zo, abokin tarayya ya tarar, ba ɗan kwangila ba. Wanda ya sayar da ɗanyen abu babu suna, kullum shi ne a ƙasan lissafi.

Mawaƙanmu da jarumanmu suna da irin ƙarfin da Brando da Ramones suka yi amfani da shi ba tare da sun sani ba. Abin da jarumi ya sa a fim, washegari ana tambayarsa a kasuwa, kowa ya ga yadda sunan fim ko na jaruma ke komawa sunan yadi ko ɗinki. Ba lallai sai jaket mai nauyi ba, don zafinmu ba zai bari ba sai ɗan lokacin hunturu. Takalmi ne, jaka ce, bel ne, rigar fata mara hannu ce. Abin da ake buƙata shi ne sunan wanda ya yi aikin ya fito tare da na mawaƙin, a ambace shi, a biya shi, kamar yadda ake rubuta sunan wanda aka gayyato a waƙa.

In za ka saya

Kaɗan ne daga cikinmu za su kai hannu kan na asali sabo, don ko Perfecto na yau da kullum ɗaruruwan daloli ne, balle na kolabo. Amma gwanjo yana nan, kuma jabu ya cika intanet. Ga abin dubawa. Fatar gaske tana da nauyi, tana da ƙamshinta, fuskarta ba ta zama iri ɗaya sak ko'ina. Ta roba ba ta da nauyi, tana warin leda, kuma bayan shekara ɗaya ko biyu sai ta fara ɓarewa a wuya da gwiwar hannu, zafinmu ma yana ƙara mata saurin lalacewa. Duba zif, na kirki ƙarfe ne mai kauri. Duba ɗinkin ciki da takardar wuya, ka ga inda aka yi shi. Wanda ya ce maka ga Supreme da Vanson sabo dal a kuɗin wayar hannu mai araha, ka yi masa godiya ka wuce. In kuma babur kake hawa da gaske, hular kwano ta fi kowane jaket muhimmanci.

A taƙaice, kolabon nan yana da amfani muddin ana ɗinkin a gidan mai sunan, fatar ba ta ragu ba, kuma gidan bai jingina rayuwarsa duka a kan yayi ba. Schott da Vanson da Lewis Leathers sun ga yayi iri-iri sun zo sun wuce, na 'yan babur, na 'yan rok, na 'yan rap, yanzu na masu layin ranar Alhamis. Abin da ya riƙe su kowane lokaci shi ne jaket ɗin yana yin aikin da aka yi shi dominsa.

Ku kuma fa, wane mawaƙi ko jarumi namu kuke ganin zai fara sa kayan baduku na gida a bidiyonsa, ya kuma faɗi sunan wanda ya yi?